Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci: mu riƙa tambayar mai ciwon gaɓɓai ko yana shan giya

Assalamu alaikum.

'Yan'uwana masu shagunan magani na unguwa, da ma'aikatan lafiya da ke ƙananan asibitocinmu na gari da ƙauye, ina gaishe ku da aiki. Ni ma naku ne. Na yi aikin jinya har na ajiye, yanzu kuma kusan kullum bayan la'asar ina zaune a shagon maganin wani ƙanena da ke bakin tasha, ina taya shi hira, wani lokacin in taya shi sallamar mutane. Saboda haka abin da zan faɗa ba daga ofis mai sanyi ya fito ba.

Tambaya ce guda ɗaya ta sa na ɗauki alƙalami. Idan mai ciwon gaɓɓai ya zo, mukan tambaye shi yaushe ciwon ya fara, ko ya faɗi ne, ko yana da hawan jini, in mun tuna mu tambayi olsa. Ba ma tambayarsa ko yana shan giya. Kunya ke hana mu, kuma ba mu ne ke biyan kuɗin wannan kunyar ba.

Bari in fara da laifina. Shekarun baya akwai wani direban babbar mota, dattijo mai kamala, da ya zo wurinmu da asuba, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar ba takalmi, yaron motarsa na tallabe da shi. Gindin babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, in ka kai bayan hannunka kusa sai ka ji hucin zafi. Ya ce lafiya lau ya kwanta, wajen ƙarfe biyun dare ya farka kamar kunama ta harbe shi, har ya haska tocila ya kakkaɓe shimfiɗa bai ga komai ba. Ko mayafi ne ya gogi wurin sai ya yi ƙara. A gida an ce wani abu ya taka, wato an yi masa ajiya a hanya, har an kira wanzami ya yi masa tsaga. Ni kuma da nake ganin na fi su sani, na ce sanyi ne, na haɗa masa abin da kowannenmu zai haɗa: dikulofenak da farasitamol, na ɗora ƙwayar deksa, maganin nan mai ƙarfi na saukar da kumburi, a kai don ya yi saurin tashi. Bayan kwana uku ya dawo da takalmansa biyu yana ta sa mini albarka.

Wata biyu a tsakani ya sake dawowa, yatsan nan dai. Daga baya idon sawu, daga baya gwiwa. Har ta kai ba ya zuwa da kansa, sai ya aiko yaronsa da tsohuwar ledar magani a ce "a ba da irin na rannan". Mun kusa shekara biyu a haka. Ranar da aka ce mini an kwashe shi zuwa babban asibiti yana aman jini, na bi su. Wani matashin likita da bai kai ɗana na fari ba shi ne ya sallami kowa daga ɗakin, ya ja labule, ya yi masa tambayar da ni ban yi ba. Ashe duk inda dare ya yi masa a hanya sai ya sha kwalba biyu ko uku da farfesun kayan ciki, da safe kuma ya kora 'yar ledar "maganin ciwon baya" ta tasha kafin ya tayar da mota. Shekara biyu ina zuba masa maganin da ke cin bangon ciki a kan barasar da ita ma cin bangon ciki take yi, ban taɓa buɗe baki ba, don kawai yana da furfura kuma masallaci ɗaya muke zuwa Juma'a.

Ciwon da ke damunsa shi ne gawut, kuma a duk cututtukan gaɓɓai babu wanda alaƙarsa da giya ta fito fili kamarsa. Kullum jiki yana rushe tsofaffin ƙwayoyinsa yana narkar da abinci, kuma cikin dattin da ke fita daga wannan aiki akwai sinadarin yurik asid. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku nasa ta fitsari. Idan ya taru a jini ya wuce wajen miligiram 6.8 a kowace desilita, wato mililita 100 na jini, jini ba ya iya riƙe shi a narke, kamar yadda sukari ke kwanciya a ƙasan kofi in an cika shi. Bambancin shi ne wannan ba kwanciya kawai yake yi ba, daskarewa yake ya zama 'yan siraran allurai da ido ba ya gani, kuma ya fi son gaɓar da ta fi sanyi, wadda ta yi nisa da zuciya. Shi ya sa babban yatsan ƙafa ke shan wahalar farko. Fararen ƙwayoyin jini su ga alluran nan su far musu kamar sun ga ƙwayar cuta, gaɓa ta kumbura ta ɗauki zafi cikin 'yan sa'o'i. Abin da direbana ya ɗauka kunama ce ke nan.

Barasa kuwa ta ko'ina take taimaka wa wannan ɓarna. Yayin da hanta ke sarrafa ta, jiki yana tara wani sinadari mai tsami da ke gasa da yurik asid a ƙofar ƙoda, sai ƙoda ta fitar da wancan ta bar yurik asid a jini. A lokaci guda barasar na sa jiki ya ƙara samar da shi. Tana kuma sa yawan fitsari, mutum ya kwanta jikinsa a bushe, jini ya yi kauri. Giyar hatsi ta ƙara da nata, domin yis ɗin da ake tsima ta da shi yana ɗauke da sinadarin furin, wanda shi ne uwar yurik asid. In aka haɗa da hanta da ƙoda da tumbi a cikin farfesu, ko tsire mai yawa, an gama haɗa wa yatsa wuta.

Wannan ba zato ba ne. A 2004 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Amurka, inda aka bi maza 47,150 har shekara 12, mutum 730 daga cikinsu suka kamu da gawut. Masu shan giyar kwalba biyu ko fiye a rana, haɗarin kamuwarsu ya ninka na waɗanda ba sa sha sau biyu da rabi. Ga inda nake so ku tsaya ku duba: abin da suka kira kwalba ɗaya a lissafinsu mililita 355 ne, mu kuwa babbar kwalbarmu mililita 600 ce. Wanda ya ce maka "ɗaya tak nake sha" ya kusa cike biyun nasu, kuma a cikin ɗayar nan akwai tsantsar barasa kusan giram 24. Bayan shekara goma, a 2014, wani binciken da aka yi kan masu gawut 724 ya nuna cewa ga wanda ciwon ya riga ya kama, kowace irin barasa na iya tayar masa da shi cikin kwana guda, har da giyar inabin da wasu ke cewa ba ta komai. Wanda ya bar ta kwalba ya koma barasa mai ƙarfi irin ogogoro, ya gudu ne bai tsira ba.

Turawan zamanin da suna kiran gawut ciwon sarakuna, don a wurinsu masu hali ne ke samun nama da giya kullum. Kada wannan suna ya ruɗe mu. Burkutu da fito giyar hatsi ce, ana shan ta tana kan tsimuwa da yis ɗinta a ciki, kuma ba da kwalba ake auna ta ba, da ƙoƙo ne, tun hantsi har almuru ranar kasuwa. Ga bammi, ga ogogoro, ga goskolon da ya addabi matasan Jos. Masu jin Hausa da ke zuwa shagunanmu ba iri ɗaya ba ne. A wasu garuruwan kudancin Kaduna da Filato da ƙasar Zuru da kasuwannin bariki, ba a ɓoye shan giya, sai dai ba wanda ya taɓa gaya wa mai sha cewa ƙoƙon jiya ne ya kumbura masa gwiwar yau. A wasu wuraren kuma, inda shari'a da idon jama'a suka hana, ana sha a ɓoye, kuma wannan ya fi wuyar sha'ani a gare mu. Kwalaben da Hisbah ke tattakewa da katafila a Kano ba don aljanu aka shigo da su ba. Masu shan su suna nan, suna da gwiwa da yatsa kamar kowa, kuma wurinmu suke zuwa kafin su je wurin likita.

Kafin wani ya ɗauki maganata ya yi gaba da ita, in faɗa da babbar murya: ba duk mai gawut ne mashayi ba. Na ga malamin da bai taɓa sanin ɗanɗanonta ba yana fama da shi. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai ƙodar da ta fara rauni, akwai yawan shan lemon kwalba mai zaƙi. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, suna ɗaga yurik asid, haka ma ƙaramar asfirin ɗin da ake ba masu ciwon zuciya. Mata kan fara samunsa bayan al'ada ta ɗauke. Saboda haka kumburarren yatsa ba shaidar laifi ba ce. Dalili ne na yin tambaya, shi ke nan.

Yanzu in zo kan abin da ya fi shafarmu kai tsaye, wato abin da muke miƙawa ta saman kanta. Dikulofenak da ibufurofen da firoksikam, wanda aka fi sani da Feldene, duk dangi ɗaya ne. Suna kashe ciwo ta hanyar hana jiki samar da wani sinadari, kuma wannan sinadarin shi ne ke sa ciki ya shafe bangonsa da majina mai kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Ka ba mutum su na mako da makonni, ka cire wa cikinsa riga. Barasa ta zo ta sauka a kan fatar da ba riga. In ka ƙara deksa ko ɗan'uwanta firedinisolon, haɗarin zubar jini ya ƙara hawa. Mu kuma a haɗi ɗaya mukan sa biyu daga dangin nan, don sunayensu sun bambanta kuma launinsu ya bambanta, mai saye ya ga ƙwayoyi kala-kala ya ji an yi masa aiki. Alamar farko sau da yawa ba aman jini ba ce, bayan gida ne baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, kuma ba wanda zai gaya maka wannan sai ka tambaya. Ƙoda ma tana shan nata kason, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari da ya kwana jikinsa a bushe. Ƙoda kuma in ta yi rauni yurik asid ya ƙara taruwa, gawut ya ƙara tashi, a ƙara sayen maganin. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

Farasitamol da muke ɗauka kamar alewa shi ma yana da iyaka: giram 4 a rana ga babba mai lafiya, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki ba tare da mai sha ya lissafa ba. Mai shan giya kullum, wanda kuma ba ya cin abinci sosai, hantarsa ba za ta ɗauki ko wannan adadin lafiya ba. Tiramadol kuwa, in ya haɗu da barasa, numfashi yake dannewa, yana kuma iya jefa mutum cikin farfaɗiya. Lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da irin su tiramadol ba. Kowa ya san haka, kowa kuma ya san abin da ke cikin durowar ƙasa. Ba zan yi kamar ban sani ba.

Akwai kuma masu amosanin gaɓɓai na gaske, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta ci gaɓɓan mai ita. Ya fi kama mata, yakan kama yatsun hannu biyu a tare, mutum ya tashi da safe hannuwansa a sandare fiye da sa'a guda. Babban maganinsa shi ne metotirekset, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma yana iya taɓa hanta. Wanda ke kan wannan magani ya riƙa sha a kai, hantarsa yake yanka da wuƙa biyu. Idan takardar likita ta zo hannunku da wannan suna, ko ba ku tambayi kowa ba ku tambayi wannan.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na ƙugu. Kan ƙashin cinya, dunƙulen nan da ke juyawa a cikin kwatangwalo, ƙananan jijiyoyin jini kaɗan ne ke ciyar da shi. In suka toshe, ƙashin ya mutu a hankali, ya lotsa kamar ƙwaryar da aka taka. Manyan abubuwan da ke jawo wannan, in ba karaya ba, su ne yawan shan barasa na shekaru, da yawan shan deksa da danginta, da sikila. Ku duba mu da kyau: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, deksa kuma ana sayar da ita kamar gyaɗa, har mata na sha don ƙiba. Saurayi ɗan shekara talatin da wani abu zai zo yana cewa matsematsinsa na ciwo, ko gwiwa, yana tafiya yana karkacewa, ba ya iya tanƙwashe ƙafa a zaman tahiya. Mu ce sanyi ne, mai ɗori ya ce gocewa ce ya ja ya murɗa. Kafin a yi hoto ƙashi ya riga ya lotsa, ba abin da ya rage sai aikin sauya ƙugu na miliyoyin naira, wanda ɗan acaɓa ba zai taɓa iya biya ba. In an gano da wuri, aka daina abin da ke toshe jinin, aka rage ɗora nauyi a kan ƙafar, akwai abin da likitan ƙashi zai iya yi.

Sauran kuwa sanannu ne, ba sai na ja ba. Giya na sa ƙiba, kuma kowane kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki kusan kilo huɗu ne a kan gwiwa yayin tafiya, ga mai zaizayar gwiwa ta tsufa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana sa ƙashi ya yi rauni, tana sa faɗuwa, tana ɓata barci, wanda bai yi barci ba kuma ciwonsa ya fi tsanani da safe. Tana lalata jijiyoyin ƙafa har mutum ya riƙa jin tafin sawunsa na zafi kamar ya taka garwashi, ya zo yana neman maganin sanyi.

Sai 'yan ledojin nan na tasha. Wannan ne wurin da tambayar "kana shan giya?" ba ta isa ba, domin mutum zai rantse maka ba ya sha, kuma a zuciyarsa gaskiya ya faɗa. Shi magani yake sha: na ciwon baya, na basir, na sanyi, na ƙarfin maza, mai ɗaci da hoton saiwa a jiki. Ɗauki ledar ka juya ta, za ka ga da yawansu an rubuta kashi 30 ko 40 cikin ɗari na barasa, wato ninki shida ko takwas na ƙarfin giyar kwalba. Ɗan dako ya sha biyu da safe ya ji bayansa ya saki, ba don saiwar ta yi aiki ba, don barasar ta dusashe masa jin ciwo na 'yan sa'o'i, ya ɗauki buhun da bai kamata ya ɗauka ba. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta cimma yarjejeniya da masu sarrafa barasa tun 2018 cewa za a daina zuba ta a leda da ƙananan kwalabe, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2024, daga nan aka shiga ja-in-ja da ɗage wa'adi. Wannan tsakaninsu ne. Namu shi ne kada irin wannan kaya ya kwana a kan kantarmu da sunan magani, kuma mu riƙa tambaya da sunan da mutane ke kiran abin: "Kana shan 'yar leda? Kana shan jiƙo na tasha? Guda nawa a rana?" Ga 'yan'uwana Musulmi, maganar ma an gama ta tuntuni. Ɗariƙu bin Suwaid ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa shi don magani yake yin giya, aka amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Muslim ne ya ruwaito.

Wani mai karatu zai zo muku da waya a hannu ya ce ai ya gani a intanet cewa shan kaɗan na rage amosanin gaɓɓai. Kada ku ƙaryata shi, domin akwai binciken da ya nuna haka, kamar wanda aka yi kan matan Suwidin aka buga a 2012, inda masu ɗan sha suka fi ƙarancin kamuwa da irin amosanin nan na garkuwar jiki. Amma irin wannan bincike yana da rami: sau da yawa wanda jikinsa ya fara ciwo shi ke barin sha, sai a lissafa shi cikin marasa sha, a ga kamar rashin shan ne ya kwantar da shi. Ba likitan da ke rubuta wa mai ciwon gaɓɓai giya, kuma a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

To yaya za a yi tambayar? Nan ne aikin yake, kuma na koye shi ne a makare.

Ba a yin ta a gaban layi. Shagon kemis ba shi da labule, amma yana da gefe, yana da bayan kanta, kana iya cewa "Alhaji, zo in duba ƙafar a ciki." Ba a yin ta a gaban ɗa ko mata ko yaron mota. Kuma ba a fara ta da "kana sha?", don amsar wannan a ƙasarmu a'a ce, ko da warin na fita daga bakin mutum. Ni yadda nake yi yanzu, maganin nake ɗora wa laifi. In ce: "Baba, wannan maganin ba ya shiri da wasu abubuwa, kuma kowa na ba shi sai na gaya masa. Ba ya shiri da olsa, ba ya shiri da giya ko burkutu ko 'yan ledojin nan na ciwon baya. In akwai wanda ya shafe ka a ciki, gaya mini in canza maka wani." Ka ga ban tuhume shi ba, na ba shi ƙofa. Wani zai ce a'a da sauri, sai ya dawo bayan magariba shi kaɗai. Wani zai ce "akwai wani abokina da ke sha", sai ka yi wa abokin bayani dalla-dalla, ka san da wa kake magana. Ku da ke asibiti kuna da dama fiye da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin tambayoyi goma na gane yawan shan mutum, ukun farko ma sun wadatar: sau nawa yake sha, nawa yake sha a zama ɗaya, sau nawa yake kai shida ko fiye. Ku mayar da su lissafin kwalba da ƙoƙo da leda, ku yi wa kowa, mai rawani da mai gicciye a wuya, mace da namiji, don kada wanda aka tambaya ya ji an ware shi.

In ya amsa, kada fuskarka ta canza. Kada ka yi salati, kada ka fara wa'azi. Ya san hukuncin tun yana makarantar allo, ko tun yana zuwa coci da uwarsa, ba shi ya kawo shi wurinka ba. Abin da bai sani ba shi ne kwalbar daren Asabar ce ke tashinsa ƙarfe biyun daren Lahadi, kuma wannan kai kaɗai za ka gaya masa. Sannan abin da ya faɗa maka ya mutu a wurin. Unguwa ƙarama ce. In labarin mutum ɗaya ya fita daga shagonka zuwa majalisar mai shayi, ba wanda zai sake gaya maka gaskiya, kuma ka ci amana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma sai in mai wankan ya tabbata an rufe ƙofa.

Kada kuma ku ce wa wanda ya shekara yana sha kullum ya yanke yau-yau shi kaɗai a gida. Irin wannan in ya daina kwatsam, hannunsa zai kama rawa, gumi ya karyo masa, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya faɗuwa da farfaɗiya ko ya fara ganin abubuwan da babu su, 'yan'uwa su ce iska ce su kai shi wurin ruƙiyya, alhali yana iya mutuwa. A asibiti ake sauke irinsa. Haka duk gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, a tura ta asibiti ranar, domin ƙwayar cuta a cikin gaɓa kama take da gawut kuma cikin kwanaki take cinye ta. Baƙin bayan gida, asibiti. Ciwon ƙugu ga matashi da ya wuce 'yan makonni, hoto. Wanda yatsansa ya tashi sau biyu ko uku a shekara, a auna masa yurik asid da lafiyar ƙoda, a tuna kuma cewa awon na iya fitowa daidai a tsakiyar tashin ciwon, sai a maimaita bayan ya lafa. Gawut yana da magani na gaske mai araha, alofurinol, wanda likita ke farawa da kaɗan, yawanci miligiram 100, yana ƙarawa har awon ya sauka ƙasa da 6. Kullum ake shan sa, ba ranar ciwo kawai ba, kuma in ƙuraje suka feso a jiki a tsaya nan take a koma wurin likita. Na san tura mutum asibiti ciniki ne ya fita daga hannunka, a wannan zamani da kuɗin haya da na kaya suka yi tashin gwauron zabo. Ni dai na ga abin da cinikin shekara biyu ya jawo, kuma ban ga albarkar kuɗin ba.

Direban nan yana raye. Ya bar tuƙi, ƙodarsa ba ta koma yadda take ba, amma yana takawa da ƙafarsa zuwa masallaci, kuma duk wata yakan zo shagon ƙanena ya sayi alofurinol ɗinsa. Kwanakin baya muna zaune a benci na yi ƙarfin hali na tambaye shi, da a ce tun ranar farko na yi masa tambayar, zai gaya mini? Ya yi dariya ya ce wallahi da ya musa, rana ta biyu ma da ya musa. Sai ya ɗan yi shiru yana murza hularsa a gwiwa, ya ce amma da na ce masa giya ce ke tayar da yatsan, da ya ji, ko bai amsa ba.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'armu.

Naku,
wani tsohon ma'aikacin jinya.